Kunyar Ƙaramar Kyauta Ba Kunyar Imani Ba Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba arziki a tsakanin bayinSa bisa hikimarSa, Ya yalwata wa wanda Ya so, Ya ƙuntata wa wanda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



A watan da ya gabata ne 'yar ƙanwata, wadda take karatu a wata makarantar gaba da sakandare a birnin Sakkwato, ta zo hutu gida Kebbe. Wata rana da la'asar na shiga gidansu na same ta zaune a tsakar gida ta yi tagumi, ga wata 'yar baƙar leda a gabanta. Da na matsa mata da tambaya, sai ta ce ƙawarta ce, 'yar Tambuwal, za ta yi bikin zagayowar ranar haihuwarta, wanda yara suke kira bazday, kuma abin da ke cikin ledar shi ne iya abin da ta iya saya: kwalbar humra ƙarama da ɗankwali ɗaya, na naira 3,500 da ta tsimin a cikin kuɗin abincinta. Ita kuwa ƙawar, bara turmin atamfa da takalmi ta ba ta. Sai ta dube ni idonta ya kawo ruwa ta ce, "Kawu, kunya nika ji. In na kai mata wanga abu, mi za ta ɗauke ni? Gara in ce mata ban da lahiya."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yarinya ce mai sallah a kan lokaci, mai azumin Litinin da Alhamis, wadda ban taɓa kama ta da ƙarya ba tun tana ƙarama, amma ga shi ta shirya ta shara ƙarya, ta kuma guje wa ƙawarta, saboda abin da ke cikin leda bai kai nauyin da take ganin ya kamata ya kai ba. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ita a ranta tana ganin wannan damuwar tata wani nau'i ne na kirki da sanin ya kamata.

Kafin in ci gaba, na san akwai wanda tuni ya gyara zama zai ce mini ai bazday ɗin kansa shi ne matsalar. Na ji. Malamai sun yi saɓani a kansa: irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun hana, suna ganin koyi ne da waɗanda ba Musulmi ba, yayin da Hukumar Fatawa ta ƙasar Masar take ganin al'ada ce da ta halatta matuƙar ba a haɗa ta da saɓo ba. Ni kaina ba na yi, kuma ba a yi a gidana. Amma ba wannan ba ne abin da ya kawo ni yau, domin kuwa ko da an wayi gari babu mai bazday a duk faɗin jihar Sakkwato, wannan ciwo yana nan daram a wurin suna, da ɗaurin aure, da walimar saukar Alƙur'ani, da barka da sallah, da tsarabar mai dawowa daga tafiya. Kuma bari in faɗi wata gaskiya mai ɗaci: na san samari da ba sa tuna cewa bazday bidi'a ne sai watan da aljihunsu ya bushe. Idan albashi ya shigo, su ne a gaba wajen yanka kek. Wanda ya bar abu don Allah, Allah Ya ba shi lada. Wanda kuwa ya ɗauko fatawa ya rufe talaucinsa da ita, to shi ma ciwon 'yar ƙanwata ne yake damunsa, sai dai shi ya naɗa masa rawani.

Babu wanda zai ce bai san halin da ake ciki ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, ta abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar wannan shekara. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma wa ya ce manomin Kuchi ko Girkau ko Margai yana karɓar albashi? Shi abin da ya sani shi ne kuɗin taki da kuɗin mota, da kuma fargabar zuwa gona a wuraren da tsaro ya taɓarɓare. To a irin wannan yanayi ne ɗiyar wannan manomi take zaune tana tuhumar kanta da laifi don ba ta sayi atamfa ba. Subhanallah! Laifin me? Wane wajibi ta bari? Haƙƙin wa ta ci?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, jin laifi a zuciyar mumini yana da gurbinsa, gurbinsa kuwa shi ne zunubi. Idan ka yi gulma zuciyarka ta dame ka, wannan alamar rai ce. Amma idan ka ba da abin da kake iyawa sannan zuciyarka ta dame ka, to ka tsaya ka binciki wannan damuwa, domin ba daga imani take ba. Allah (SWT) a cikin Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, Ya umarci mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma ya ciyar daga ɗan abin da aka ba shi, sannan Ya bayyana cewa ba Ya ɗora wa rai sai abin da Ya hore masa. Wannan fa a kan ciyarwa ta wajibi ake magana, ta iyali. To idan a wajibi ma an sauƙaƙa maka zuwa gwargwadon ƙarfinka, wane ne ya isa ya tsananta maka a kan kyauta, wadda tun asali ganin dama ce?

Mukan ce kunya ce, kuma mun san kunya reshe ce ta imani, sai mu ji daɗi. Amma kunyar da aka yaba ita ce wadda take hana ka aikata mummuna. Wadda take hana ka aikata kyakkyawa, ta tura ka ga ƙarya da bashi da yanke zumunci, wannan ba ita ba ce, ko da sun yi tarayya a suna. Idan muka tone ta za mu tarar da abu biyu a ƙarƙashinta. Na farko son a gan mu da girman da ba mu da shi, wanda ɗan'uwan riya ne. Na biyu munana zato ga wanda za mu ba, domin mun riga mun yanke masa hukunci cewa shi mutum ne mai auna ƙauna da farashin kasuwa, alhali bai ce komai ba tukuna.

Ba daga kan mumbari nake wannan magana ba, domin ni ma na sha wannan ruwa. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun kuɗi ya sa tsabar naira ta yi wuyar gani, matar wani aminina a Tambuwal ta haihu. Tare muka yi makarantar allo da shi, kuma lokacin da aka yi mini haihuwa ya yi mini abin da ban manta ba. Na duba abin da ke hannuna na ga bai kai rabin nasa ba, sai na ce bari in jira in samu abin kirki tukuna. Ranar suna ta wuce. Arba'in ta wuce. Daga nan sai kunyar rashin zuwa ta hau kan kunyar rashin kuɗi, har ya zamana idan na ga kiransa a waya sai in bari ta katse. Wata tara muka yi a haka. Ranar da muka yi kiciɓis a wurin wata jana'iza, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, mi yah hana ka zowa? Ni kai nika jira, ba rago ba." Wallahi ban sami amsar ba shi ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa na mayar da ita aljihu, da aljihun ya huje sai ta zube.

Bayan wannan ne na koma na buɗe Sahihul Bukhari, Kitabul Hiba, wato littafin kyauta, kuma ina roƙon duk mai wannan damuwa ya je ya karanta farkonsa da kansa. Hadisin da Imamul Bukhari ya buɗe littafin da shi, na Abu Huraira (RA) ne, inda Manzon Allah (SAW) ya hori mata Musulmi da kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne. Kofato fa, ya 'yar'uwa, abin da ko mahauci ba ya sa shi a sikeli da muhimmanci. Imamun Nawawi ya bayyana cewa da mai bayarwa ake magana a nan, wato kada ta fasa bayarwa don tana ganin abin ya yi kaɗan, wasu malamai kuma suka ce horon ya haɗa har da mai karɓa. Ka ga ke nan abin da 'yar ƙanwata take ɗauka ladabi ne, shi ne ainihin abin da aka hana.

A nan kusa kuma akwai labarin da Nana A'isha (RA) ta ba Urwatu ɗan 'yar'uwarta, cewa sukan ga jinjirin wata har sau uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi (SAW) ba, dabino da ruwa ne abincinsu, sai fa ɗan nonon da maƙwabtansu Ansar suke aiko musu. Sannan Bukhari ya ware babi guda sukutum a kan ƙaramar kyauta, ya kawo hadisin da Annabi (SAW) yake bayyana cewa da za a gayyace shi cin ƙafar dabba zai amsa, da za a ba shi ita kyauta zai karɓa. Gaba kaɗan sai ga Anas (RA) yana ba da labarin zomon da suka kama, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Annabi (SAW) da cinyarsa, shi kuma ya karɓa. Cinyar zomo, zuwa ga shugaban halitta! Abu Ɗalha bai ce bari in jira sai na sami raƙumi ba. Kuma mu mutanen karkara muna da rabo na musamman a labarin Zahir, baƙauyen sahabin nan da Tirmizi ya kawo a cikin Shama'il, wanda yakan zo Madina da tsarabar daji, Annabi (SAW) kuma ya yi masa guzurin birni idan zai koma, yana mai nuna ƙaunarsa gare shi a bainar jama'a. Ashe ƙwaryar gero, da kwalbar man shanu, da ƙullin kuka ko daddawa da iyayenmu suke kai wa 'yan'uwa a birni suna da asali mai daraja, mu ne muka waye muka fara jin nauyin riƙe su a tasha.

Yanzu bari in juyo kan waɗanda na fi jin haushinsu, domin yarinya ba ta ƙirƙiro wannan tsoro daga iska ba. Akwai masu dasa shi. Ke da kike baje kyaututtukan da aka ba ki a kan gado, ki ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya ki ɗora a WhatsApp da TikTok, kowanne da sunan wanda ya kawo, ki fara da mafi tsada, ki manta da mafi araha, kin san abin da kike yi kuwa? Kai da kake ɗora hoton alat na kuɗin da aka turo maka, har da adadi, kana cewa godiya kake yi, wace irin godiya ce wannan da take zama bulala a bayan abokinka da ya turo naira 1,000? A zamanin iyayenmu ana kai gudummawa a dunƙule cikin hannu, a tura ta ƙarƙashin tabarma ko a saka a aljihu ana gaisawa, don kada na kusa ya gani. Yau mun mayar da ita gwanjo.

Ku karanta sababin saukar aya ta 79 a Suratut Tauba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Mas'ud (RA) cewa lokacin da aka umarce su da sadaka har dako suke yi don su samu abin bayarwa. Sai Abu Aƙil ya kawo rabin sa'i, wani kuma ya kawo mai yawa, sai munafukai suka ce Allah ba Ya bukatar ɗan abin da na farko ya kawo, na biyun kuma riya ce ta sa shi. Allah Ya saukar da aya Yana kare waɗanda ba su da abin bayarwa sai iya ƙoƙarinsu, Yana kuma yi wa masu yi musu izgili alƙawarin azaba mai raɗaɗi. Na san a kan sadaka ayar ta sauka, amma ɗabi'ar ɗaya ce: zama a gefe ana auna abin hannun mutane ana taɓe baki. Duk wanda ya taɓa buɗe leda ya ce "ɗan wannan ne kawai?" ya duba da kyau ya ga sahun su wa ya shiga.

Wani zai ce, ai Malam, biki bashi ne, haka muka gada: wadda ta kawo miki ɗari, ke ki mayar da ɗari biyu. Gaskiya ne, kuma ba na raina hikimar da ke cikin wannan al'ada ta iyayenmu mata, domin wani irin adashi ne da yake tallafa wa mace ranar da hidima ta same ta. Amma mu kira abu da sunansa. Malamanmu na Malikiyya sun san wannan, suna kiransa kyautar neman sakayya, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta wurin da aka ce wanda aka yi wa irin wannan kyauta ko dai ya biya ƙimarta ko ya mayar da ita. Wato hukuncinta ya fi kusa da na ciniki. To idan ciniki muke yi, mu faɗa wa juna tun farko, kowa ya san abin da ya shiga. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ba yarinya atamfa da sunan ƙauna, sannan bayan shekara a zo karɓar bashi da ido. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna a nan Tambuwal, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa sarakuna a cikin al'adun da ya soka a Kitabul Farƙ. Mu yau ba sarki ne yake karɓar gaisuwa a hannunmu ba, junanmu muke karɓa, kuma ba dogari ke tilasta mu ba sai tsoron bakin mutane.

Haƙiƙa Annabi (SAW) yana karɓar kyauta kuma yana sakawa a kanta, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta faɗa. Ramawa sunna ce. Amma shi ne kuma ya koyar, a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa wanda bai sami abin ramawa ba ya yi ta yi wa mai alherin addu'a har sai ya ji a ransa ya biya shi. Bai ce ya je ya ci bashi ba. Ina faɗin haka ne domin na san matasa da suka shiga manhajojin ba da rance na waya, masu kuɗin ruwa, don kawai su fita kunyar budurwa ko aboki. Waɗannan manhajoji ne fa da ɓarnarsu ta kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, saboda yadda suke aika saƙon tozarci ga duk lambar da ke cikin wayar wanda ya kasa biya. Dubi wannan ciniki, ya ɗan'uwa: ka gudu daga kunyar mutum ɗaya, ka faɗa riba, sannan a tozarta ka a gaban surukanka da malaminka. An tambayi Annabi (SAW) dalilin da ya sa yake yawan neman tsari daga bashi, sai ya bayyana cewa mai bashi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alƙawari ya saɓa. Kuma ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya.

Akwai wani labari na Salmanul Farisi (RA) da Hakim ya ruwaito, wanda nake so ƙwarai. Baƙi biyu suka je masa, ya kawo musu gurasa da gishiri, yana mai gaya musu cewa ba don an hana su ƙaƙale ba da ya ƙaƙalo musu wani abu. Sai ɗayansu ya ce ina ma da ɗan ganyen ƙamshi a cikin gishirin. Salmanu ya aika da butarsa ta alwala aka jinginar, aka sayo. Da suka ƙoshi sai baƙon ya yi hamdala ga Allah da Ya sa suka wadatu da abin da Ya ba su. Salmanu ya ce masa da ya wadatu ai da butarsa ba ta tafi jingina ba. Butoci nawa ne suke jingine a Kebbe da Tambuwal a yau saboda bakin baƙi irin wannan?

Kada marowaci ya yi murna ya ce na ba shi hujja. Wanda Allah Ya yalwata wa, ya je ya tsinto abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido, ya miƙa wa ɗan'uwansa, aya ta 267 a Suratul Baƙara tana jiransa. Ƙarami daban, wulaƙantacce daban. Humrar naira 2,000 da aka zaɓa don an san ƙamshin da ƙawa take so, ba ɗaya take da tsohon mayafin da ake neman inda za a yar ba.

Na gaya wa 'yar ƙanwata kaɗan daga cikin wannan, ba duka ba, don ba a yi wa mai kuka dogon karatu. Na kuma gindaya mata sharaɗi guda: kada ta ba da haƙuri yayin miƙawa. Kada ta ce "ki yi haƙuri ba yawa", domin wannan kalma ita take koya wa mai karɓa cewa akwai abin da aka rage masa. Na ce ba sai ta je wurin taron ba, ta je gidan kwana ɗaya kafin nan, ta gaishe da mahaifiyar yarinyar, ta miƙa abinta, ta yi mata addu'ar albarkar rayuwa.

Ta je, ta dawo da yamma a motar kasuwa. Ta ce ƙawar ta karɓa ta yi godiya, ta shafa humrar nan take, uwar kuma ta cika mata leda da dubulan ta kawo gida. Washegari hotunan kyaututtuka suka fito a WhatsApp, an jera su a kan gado kamar yadda aka saba, kuma babu ɗankwalin a ciki. Ta nuna mini wayar ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Ko mantuwa ce, ko sutura ce, ko raini ne, Allah ne Masanin abin da ke cikin zukata. Bayan kwana uku sai ga ƙawar ta kira ta, suka yi kusan awa guda suna hira a kan jarrabawa da komawa makaranta, ina jiyo dariyarsu daga zaure.